Muhawara: Binciken laifi muƙami ne, ko aiki ne da ake ɗora wa jami'i?

Ɗalibar Shari'a:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da tambaya game da tsarin hukumomin tsaro, kuma na san a cikinmu akwai waɗanda suka sa kaki da waɗanda suka saba tsayawa gaban alƙali. Idan aka ce wane mai binciken manyan laifuka ne, shin muƙami ne aka ɗaura masa kamar yadda ake ɗaura igiyar saje ko aninin sufeto, ko kuwa aiki ne aka ba shi wanda gobe za a iya karɓewa a mayar da shi sintiri? A wasu ƙasashe ana ambaton ɗan sandan ciki tamkar yana gaba da mai kaki, a wasu kuma ana nuna cewa kafaɗarsu ɗaya, shi ya sa nake neman wanda zai warware mini.

Tsohon Sufeto:

Wa alaikumus salam, 'yata. Abubuwa ne daban-daban da mutane kan cakuɗa su wuri guda. Muƙami shi ne matakin da mutum yake kai a tsanin hukumarsa, shi ke nuna wanda zai ƙame wa wani da kuma albashin da zai ɗauka. Kujera ko aiki kuwa shi ne inda aka ajiye shi ya yi hidima, kuma takarda guda ta sauyin wurin aiki ta isa ta raba shi da ita ba tare da an taɓa abin da ke kafaɗarsa ba.

Ki ɗauki tsarin 'yan sandan Nijeriya. Tsanin ya taso daga kurtu zuwa kofur, saje, sufeto, sannan matakan sufurtanda, wato ASP, DSP, SP da CSP, har zuwa kwamishina da mataimakansa, a ƙarshe Sufeto Janar. A cikin wannan tsani babu wani mataki da ake kira DPO, babu DCO, babu IPO. DPO kujera ce ta shugabancin caji ofis na yanki, wadda galibi SP ko CSP ke hawa. DCO shi ne mai kula da sashen laifuka a ƙarƙashinsa. IPO kuwa, wanda lauyoyi ke yawan ambato a kotu, shi ne duk jami'in da aka miƙa wa fayil ɗin wata ƙara, ko kofur ne ko sufeto. Shi zai ɗauki bayanin mai ƙara da wanda ake zargi, ya je wurin da abin ya faru, ya tattara shaida, daga baya ya tsaya gaban alƙali ya sha tambayoyi. Idan an rufe ƙarar, sunan IPO ya sauka daga kansa a kan wannan fayil, amma igiyarsa tana nan inda take.

Malamin Tarihi:

Bayanin Baba Sufeto daidai yake, kuma asalinsa daga Ingila ne. Lokacin da Robert Peel ya kafa rundunar 'yan sandan Landan a 1829, babu sashen bincike a cikinta, domin jama'ar ƙasar suna tsoron ɗan sanda mai farin kaya, suna ganinsa a matsayin ɗan leƙen asirin gwamnati irin wanda suke jin labarinsa a Faransa. Sai a 1842 aka buɗe wani ɗan ƙaramin reshe na mutum takwas, sufeto biyu da saje shida. A 1877 aka gurfanar da wasu manyan jami'an reshen, aka sami uku da laifin karɓar cin hanci daga wasu 'yan damfarar cacar sukuwa, abin da ya sa aka rushe shi aka kafa CID, wato sashen binciken manyan laifuka, a 1878 ƙarƙashin Howard Vincent.

Abin lura shi ne, har yau a Birtaniya mai bincike ba shi da tsani na daban. Kalmar bincike kawai ake liƙawa a gaban muƙamin da kowa ya sani, a sami kurtu mai bincike, saje mai bincike, sufeto mai bincike, har zuwa babban sufurtanda mai bincike. Kurtun da ke CID bai fi kurtun da ke sintiri girma ba, ma'aunin albashinsu ɗaya ne, kuma sajen kaki yana gaba da shi. Abin da ya raba su shi ne jarrabawar masu bincike ta ƙasa da horon da ake yi bayanta. Jamus ma kusan haka take, inda kwamishinan kaki da kwamishinan sashen laifuka suke mataki guda, sunan sashe ne kawai ya bambanta su.

Ɗalibar Shari'a:

Na gode, Baba, na gode, Malam. To amma me ya sa a Amurka ake cewa an yi wa ɗan sanda ƙarin girma ya zama mai bincike, har a yi masa biki a ba shi sabuwar lamba?

Ɗan Ƙetare:

Ƙanwata, a Amurka babu amsa guda, domin babu rundunar 'yan sanda guda. Akwai hukumomin tsaro kusan 18,000, na birane da na gundumomi da na jihohi da na tarayya, kowace da nata tsarin. Zan kawo biyu waɗanda suka fi shahara, domin su kaɗai sun isa su nuna yadda abin yake da rikitarwa.

A birnin Niyok, mai bincike yana samun lambar ƙirji ta zinariya da ƙarin albashi, don haka ba a yi kuskure ba idan an kira shi ci gaba. Sai dai ba ya cikin tsanin masu ba da umarni. Saje da laftanar da kyaftin ana samunsu ne ta hanyar jarrabawar ma'aikatan gwamnati, shi kuwa mai bincike naɗi ne daga kwamishina. Yana da daraja uku: ana farawa daga ta uku, a hau ta biyu, a ƙare a ta ɗaya. Mai daraja ta biyu albashinsa yana kusa da na saje, mai ta ɗaya yana kusa da na laftanar, amma duk da haka saurayin da ya ci jarrabawar saje jiya yana iya zama shugaban dattijon da ya yi shekara ashirin yana warware kisan kai.

A Los Anjalas kuma lissafin a juye yake. Can ana farawa ne daga mataki na ɗaya, na uku shi ne mafi girma, kuma masu mataki na biyu da na uku shugabanni ne da ke duba aikin na ƙasa da su. Wato idan aka ce miki mai bincike na ɗaya, a Niyok gwani ne da ya kai ƙololuwa, a Los Anjalas kuwa sabon shiga ne.

Ɗan Jarida:

Wannan batu yana ci mana tuwo a ƙwarya a ɗakin labarai, domin sau da yawa muna ɗauko muƙamin wata ƙasa mu ɗora shi a kan ma'aunin da mai sauraro ya saba da shi, sai labarin ya karkace. Sufeto a Ingila yana gaba da saje da mataki ɗaya ne kawai, amma a Niyok babban jami'i ne da ke sama da kyaftin. A San Faransisko an daɗe ana kiran masu binciken laifi da sufeto, a hukumar gidan waya ta Amurka kuma sufeto jami'in tarayya ne mai ɗaukar bindiga da ikon kama mutum. Sufeto Janar a Nijeriya da Kenya shi ne shugaban 'yan sanda baki ɗaya, a Indiya yana ƙasa da Darakta Janar, a Amurka kuwa mai sa ido ne a kan ma'aikatar gwamnati don gano ɓarna da almundahana. Mai sauraron da ya ji an ce kwamishina ya isa wurin da aka yi fashi a Jamus zai zaci shugaban rundunar jiha ne ya taso da kansa, alhali can kwamishina muƙami ne da matashin da ya gama karatun aikin ke farawa da shi.

Barista:

Da izinin Baba Sufeto zan ƙara abu na uku a kan biyun da ya kawo, kuma a ganina shi ne ya fi shafar talaka: ikon da doka ta bayar. Wanda aka tsare a bayan kanta bai damu da yawan aninin da ke kafaɗar wanda ya tsare shi ba, abin da ya dame shi shi ne ko mutumin yana da hurumin yin hakan, da kuma wanda zai tuhume shi idan ya wuce gona da iri.

Faransa ce ta fi fito da wannan fili. Dokarsu ta shari'ar laifuka, a sashe na 16, ta ware wasu mutane da ake kira OPJ, wato jami'an 'yan sandan shari'a. Wannan ba muƙami ba ne, ba kuma kujera ba ce, cancanta ce ta doka. Ƙaramin ɗan sanda ko jandarma yana iya samunta bayan ya yi wasu shekaru a aiki ya kuma ci jarrabawa, sannan sai babban mai gabatar da ƙara na kotun ɗaukaka ƙara ya ba shi izinin amfani da ita, kuma shi ɗin yana iya dakatar da izinin ko ya janye shi. OPJ ne kaɗai ke iya yanke shawarar tsare mutum na awa 24 don bincike, kuma ba a ƙara wasu 24 sai da amincewar mai gabatar da ƙara. Abokin aikinsa da ba shi da wannan cancanta yana taimakawa ne a ƙarƙashin kulawarsa. Wani abin mamaki shi ne, dokar ta lissafa har magajin gari da mataimakansa a cikin OPJ, alhali ba su taɓa sa kaki ba. Ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, ciki har da Nijar, suna da irin wannan jami'i. Muƙamin sufeto mai farin kaya da aka san Faransa da shi a da kuwa an soke shi a gyaran 1995, aka mayar da masu shi laftanar da kyaftin da kwamanda, ba tare da ikonsu na bincike ya ragu ba.

Ingila ta bi ta wata hanya a dokarta ta 1984 game da 'yan sanda da shaidar laifuka, inda ta ɗaure wasu iko a jikin muƙami. Mai kula da tsararru dole ya kai saje, kuma kada ya kasance yana da hannu a binciken. Sufeto ne ke duba dacewar ci gaba da tsarewa, karo na farko kafin a wuce awa shida. Sufurtanda ne ke iya tsawaita ta daga awa 24 zuwa 36 a manyan laifuka, bayan nan sai kotu. Mai binciken da ya kawo mutumin, kome ƙwarewarsa, ba shi ke yanke ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Tsohon Sufeto:

Barista, abin da ka faɗa yana da kyau a takarda, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Aikin kaki an gina shi ne a kan biyayya. Ka ba ƙaramin jami'i duk ikon da kake so a cikin littafin doka, ranar da babba ya kira shi ofis ya ce ya saki wane ko ya riƙe wane, zai tuna cewa wannan babban ne ke rubuta rahotonsa na shekara, shi ne kuma ke da bakin magana a kan ƙarin girmansa da inda za a tura shi. Na ga masu bincike nagari waɗanda aka karɓe fayil daga hannunsu ba tare da an faɗa musu dalili ba, kuma babu inda za su kai kuka, domin a tsari fayil ɗin ba nasu ba ne, aro aka ba su. Shi ya sa ni a ra'ayina duk ƙarar da ta shafi rai ko dukiya mai yawa bai kamata a bar ta a hannun wanda muƙaminsa bai kai ya iya cewa a'a ba. Nauyin ƙara ya dace da nauyin kafaɗar mai riƙe da ita.

Barista:

Baba, ban musa abin da idonka ya gani ba, sai dai ina ganin maganin da ka kawo yana matsar da cutar ne zuwa sama kawai, domin kowane babba yana da nasa babban. Waɗanda suka tsara dokar Ingila sun hango wannan matsala, shi ya sa suka rubuta cewa idan wani da ya fi sajen tsararru muƙami ya ba shi umarnin da ya saɓa wa shawararsa a kan wanda ke tsare, wajibi ne sajen ya kai maganar nan take gaban sufurtanda ko wanda ya fi shi da ke da alhakin ofishin. Da zarar an yi haka, umarnin ya fita daga raɗa ya zama abin da wani zai amsa tambaya a kansa. A Faransa kuma OPJ yana da iyayen gida biyu: shugabansa na kaki a harkar mulki, da mai gabatar da ƙara ko alƙali mai bincike a harkar ƙarar da ke hannunsa. Wanda yake son ya murɗe bincike sai ya bi ta ƙofa biyu. Ban ce hakan ya hana murɗiya ba, amma ya sa ta yi wuya, ta kuma bar sawu.

Hajiya Mai Ritaya:

Na yi aikin kula da ma'aikata, don haka ta nan zan kalli maganar. Babbar illar tsarin da ya ce bincike aiki ne kawai, ba shi da nasa tsani, ita ce yana korar gwanaye daga abin da suka iya. Mutum ya shafe shekaru yana koyon yadda ake yi wa mai laifi tambaya ba tare da duka ba, yadda ake bin sawun kuɗi a banki, yadda ake adana shaida har ta kai kotu ba ta lalace ba. Yana da iyali, yana son albashinsa ya ƙaru, kuma hanya ɗaya ce a gabansa: ya nemi ƙarin girma. Ranar da ya samu sai a ɗauke shi daga fayil a ba shi tebur, ya koma tsara jadawalin aiki da sa hannu a takardun hutu. Hukuma ta yi asarar mai bincike na ƙwarai, kuma ba lallai ne ta sami shugaba na ƙwarai ba, domin baiwar biyu ba ɗaya ba ce.

Ingila ta ɗanɗana wannan ta wata fuskar. Tunda kurtun bincike ba ya samun ƙari a kan na sintiri, ga tarin fayiloli, ga kiran dare, ga zaman kotu a ranar hutu, sai matasa da yawa suka ƙi neman shiga CID. A 2017 hukumar da ke duba ayyukan 'yan sandan ƙasar ta bayyana ƙarancin masu bincike a matsayin matsalar da ta kai ta gaggawa a faɗin ƙasa. Shi ya sa tsarin Niyok yake burge ni, inda mutum zai tsufa yana bincike, albashinsa yana hawa, ba tare da an tilasta masa zama shugaban kowa ba.

Malamin Tarihi:

Hajiya, kowane allazi da nasa amanu. Tarihi ya nuna cewa idan masu bincike suka zama wani jinsi na daban, suka daɗe a wuri guda, suna hulɗa da masu ba su labari daga cikin ɓarayi, babu mai leƙa aikinsu sai 'yan'uwansu, to ɓarna tana samun wurin kwana. Abin da ya faru a 1877 ya sake faruwa bayan kusan shekara ɗari. Lokacin da Robert Mark ya zama kwamishinan Landan a 1972, ya tarar da CID ta zama kamar hukuma a cikin hukuma, cin hanci ya yi mata katutu. Abin da ya yi shi ne ya mayar da masu binciken yankuna ƙarƙashin kwamandojin kaki, ya kafa sashe na musamman mai binciken ƙorafi a kan 'yan sanda, ya kuma sa ana musayar jami'ai tsakanin kaki da farin kaya. Ɗaruruwan jami'ai ne suka bar aiki a zamaninsa. Wato abin da kike gani a matsayin asarar ƙwarewa, shi ya gan shi a matsayin rigakafi.

Sannan darajar Niyok da kike yabo naɗi ce, ba jarrabawa ba, kuma duk inda ci gaban mutum ya rataya a kan ganin damar shugaba, maganar wa ka sani ba ta rasa shigowa.

Hajiya Mai Ritaya:

Malam, ina ganin ka haɗa abu biyu da za a iya rabawa. Ban ce a bar masu bincike su zama masu gashin kansu ba. Su zauna a ƙarƙashin kwamandan kaki, a riƙa sauya musu yanki, a sa wani daga waje yana duba fayilolinsu, duk na yarda. Abin da nake nema shi ne a buɗe musu tsanin albashi wanda ba ya bi ta shugabanci, a kuma ɗora hawansa a kan ma'auni da kowa zai gani, kamar jarrabawa da ingancin ƙararrakin da suka kai kotu, ba yawan mutanen da suka kama ba. Robert Mark ya gyara maganar wanda ke sa ido ne, bai warware maganar yadda za a riƙe gwani a kan aikinsa ba.

Ɗan Ƙetare:

Abin da Hajiya ke kwatantawa yana kusa da tsarin FBI, hukumar binciken laifuka ta gwamnatin tarayyar Amurka. Can babu kofur babu saje. Kowane mai bincike sunansa wakili na musamman, kuma yana hawa matakan albashin ma'aikatan tarayya, daga na 10 har zuwa na 13, yana nan a kan fayilolinsa. Wanda yake son shugabanci ne ke neman zama wakili mai kulawa, daga nan mataimakin shugaban ofishin yanki, sannan shugaban ofishin. Ofisoshin Niyok da Los Anjalas da Washintan, saboda girmansu, mataimakin darakta ne ke riƙe da su.

Tarihin hukumar ma yana goyon bayan maganar Barista. An kafa ta a 1908, amma sai a 1934 majalisa ta ba wakilanta cikakken ikon ɗaukar makami da kama mutane, sunan FBI kuma ya zo a 1935. Sunan aikin bai canja ba tsakanin 1933 da 1934, doka ce ta canja, da ita kuma abin da mutumin zai iya yi. Wani kuskure da ya yaɗu shi ne zaton cewa wakilin FBI yana gaba da ɗan sandan birni, har yana iya zuwa ya karɓe masa ƙara don ya fi shi girma. Ba tsani ɗaya suke ba sam. Abin da ke raba su shi ne ko laifin ya saɓa wa dokar tarayya ko ta jiha, kuma galibin kisan kai laifin jiha ne, mai binciken birni ko na gunduma ne ke riƙe da shi.

Ɗan Jarida:

To idan hukumomi biyu ba tsani ɗaya suke ba, yaya ake yi idan doka ta ce sai mai muƙami kaza ko makamancinsa? Na tuna dokar 2004 ta EFCC, hukumar yaƙi da almundahana ta Nijeriya, ta ce shugaban hukumar sai wanda ya yi aiki a hukumar tsaro, bai gaza muƙamin ACP, wato mataimakin kwamishinan 'yan sanda, ko makamancinsa ba, yana kuma da ƙwarewar shekara 15. Da aka naɗa Abdulrasheed Bawa a 2021, wanda shi ne na farko da ya taso daga cikin ma'aikatan hukumar ba daga 'yan sanda ba, an yi ta muhawara a kan ko matakinsa ya yi daidai da ACP.

Barista:

Wannan misali ne mai kyau, Malam Ɗan Jarida, domin ya nuna abin da ke faruwa idan aka auna sabuwar hukuma da ma'aunin tsohuwa. Galibi abin da ake komawa gare shi shi ne matakin albashi, tunda shi ne kaɗai abin da hukumomin gwamnati suka yi tarayya a kai. Amma matakin albashi yana faɗin abin da ake biyan mutum ne, ba ya faɗin yawan mutanen da ya taɓa jagoranta ko irin ƙararrakin da ya taɓa kaiwa ƙarshe. ACP yana iya kaiwa wannan matsayi bai taɓa binciken zambar banki ba, mai binciken kuɗi kuma yana iya ƙwarewa bai taɓa riƙe runduna ba. Da ni ne mai tsara doka, da na rubuta irin aikin da nake so mutum ya taɓa yi, na bar maganar makamanci, domin ita ce ke buɗe ƙofar gardama duk lokacin da aka yi naɗi.

Ɗalibar Shari'a:

Akwai abin da Hajiya ta taɓo da nake son a ƙarasa. Da Ingila ta rasa masu bincike, me ta yi?

Hajiya Mai Ritaya:

Abu biyu, 'yata. Tun a dokar gyaran 'yan sanda ta 2002 an ba shugabannin runduna damar ɗaukar farar hula a matsayin masu bincike, a ba su wasu keɓaɓɓun iko, kuma da yawansu tsofaffin 'yan sanda ne da suka yi ritaya suka dawo. Waɗannan ba su da muƙami ko ɗaya, amma suna ɗaukar bayanin shaidu suna haɗa fayil. Na biyu kuma, daga 2017 rundunar Landan ta fara ɗaukar masu digiri kai tsaye a matsayin kurtun bincike, ba tare da sun fara yin shekarun sintiri da aka saba ba. A manyan ƙararraki irin na kisa kuwa suna naɗa babban jami'in bincike, wanda shi ma aiki ne ba muƙami ba, galibi sufeto ko babban sufeto da ya sami horo na musamman, kuma yana rubuta kowace shawara da ya yanke tare da dalilinta a cikin wani littafi da za a iya nema a kotu.

Tsohon Sufeto:

Wannan littafin shawara na yarda da shi ɗari bisa ɗari, Hajiya, kuma da za a wajabta shi a ko'ina, da rabin abin da na yi kuka da shi ɗazu ya ragu, domin wanda zai karɓe fayil sai ya rubuta sunansa da dalilinsa. Farar hula ma ba ni da ja a kansu a binciken kuɗi da na kwamfuta, inda akanta ko masanin na'ura ya fi mai kaki sanin abin da yake kallo.

Ɗaukar mutum kai tsaye zuwa bincike ne ban gamsu da shi ba. A sintiri ne ɗan sanda ke koyon yadda ake shiga gidan da ake rikici a fito lafiya, yadda ake gane mai ƙarya daga mai tsoro, yadda ake magana da uwar da aka kashe wa ɗa. A nan ne kuma yake sanin wahalar wanda ya fara isa wurin da aka yi laifi, wanda idan bai killace wurin da kyau ba, duk ilimin mai bincike ya tashi a banza. Idan dole sai an ɗauke su kai tsaye saboda ƙarancin mutane, to a haɗa kowannensu da tsohon hannu na shekara biyu aƙalla, kuma kada a ba shi ƙarar fyaɗe ko ta kisa shi kaɗai kafin wannan lokaci ya cika.